Ba'amurken da ya zo Zariya neman sarewa: wa ya san Yusef Lateef?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum mutanen gida. Wani abu ne ya hana ni sakat tun jiya. Ina lalube a YouTube sai na yi kiciɓis da wani tsohon faifai na 1983 mai suna Hikima. Na ɗauka na wani makaɗinmu ne, ashe na wani Ba'amurke ne baƙar fata, Yusef Lateef, mai kiɗan jaz, wato wani salon kiɗa na baƙaƙen Amurka. Da na bi sawu sai na tarar mutumin nan ya yi shekara huɗu a Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da ya fi sa wa ido shi ne sarewa. Sarewa dai da kuka sani, ta makiyaya. A Samaru aka yanke mini cibi, a nan na yi karatu har digiri, amma ko sau ɗaya ban ji sunansa a bakin kowa ba. To don Allah, koyarwa ya zo yi ko koyo? Kuma ya aka yi ba mu san shi ba?

Gwanin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Yusuf Abdullaɗif dai ko? Sunan ne suka lanƙwasa irin nasu. Amsar tambayarka ta biyu ai a fili take: ba ya yi wa kowa kirari, ba ya ambaton sarki ko attajiri, wa zai riƙe sunansa?

Bahaushe_a_Michigan:
Ɗan_Samaru, yau ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Inda nake zaune bai kai tafiyar awa guda zuwa Detroit ba, kuma a can mutumin ya tashi. An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920 a Chattanooga, jihar Tennessee, sunansa na yanka William Huddleston. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Detroit, uban ya mayar da sunan gidan Evans. Da saksafon, wani ƙahon busa na ƙarfe, ya fara, ba da sarewa ba. A 1949 har ya shiga babbar ƙungiyar shahararren mai busa ƙahon jaz Dizzy Gillespie, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Wajen 1950 ya musulunta ya ɗauki sunan da muka san shi da shi, ya dawo Detroit ya shiga Jami'ar Wayne State yana koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne garin da kansa. Detroit ta wancan zamani gari ne na ma'aikatan kamfanin mota, kuma cike yake da Larabawan Sham da Lebanon, har yau ma haka garin Dearborn da ke maƙwabtaka da ita yake. Shi kansa ya yi aiki a kamfanin Chrysler. Kunnensa ya saba da sautin gabas tun a nan. Sannan ku dubi sa'o'insa na garin: Milt Jackson, Kenny Burrell, Tommy Flanagan, Barry Harris, Paul Chambers, Donald Byrd, Elvin Jones. Duk wanda ya san jaz ya san waɗannan ba kanwar lasa ba ne. Wanda ya tashi cikin irin wannan taro, dole ya nemo abin da zai bambanta shi.

Ƴar_Maraɗi:
Ku yi mini uzuri, ni baƙuwa ce a wannan fage. Mece ce sarewar Turawa kuma? Ba duk busa ba ce?

Bahaushe_a_Michigan:
Ƴar'uwa, ta ƙarfe ce, galibi ruwan azurfa, ana riƙe ta a gicciye a hura ta gefe kamar mai hura bakin kwalba. Ramukanta sun fi yatsun mutum yawa, shi ya sa aka yi mata maɓallai masu rufe su. Wani Bajamushe, Theobald Boehm, shi ya tsara ta a siffar da take yanzu a 1847. Kafin shekarun 1950 ba a cika jin ta a jaz ba, don muryarta ba ta da ƙarfi, ƙaho da ganga sai su danne ta. Su Frank Wess da Herbie Mann da Lateef ne suka fito da ita gaba, daga baya Eric Dolphy da Roland Kirk suka zo da nasu salon.

Ɗan_Ruga:
Allah sarki. Da na ga kalmar sarewa sai da na ajiye cokali. Ni a ruga na tashi, kawuna ne ya koya mini. Kara ake zaɓa mai kauri wanda ya bushe sarai, a rarake totuwarsa a hankali kada ya tsage, a sa ƙusa a wuta ta yi ja, a huda ramuka huɗu. Ba ma'auni sai yatsunka. Inda yatsa ya kwanta ba tare da ka takura ba, nan ne gurbin rami. Shi ya sa ta wani ba ta yi wa wani daɗin busa.

Kuma ba ta da bakin usur da za ka hura kawai ta yi kuka. A karkace ake ɗora ta a leɓe, iska ta bugi gefen bakin. Na yi fiye da sati biyu ina hurawa, ban da "fuuu" ba abin da ke fita, kaina na juyawa, kawu na gefe yana ta dariya yana cewa shanu ma sun gaji da ni. Ranar da ta fara amsawa, da yamma ne muna kan hanyar komowa, wallahi har yau ina jin sautin nan a kunnena. Yanzu yara da bututun roba na masu haɗa wutar lantarki suke yi, ya fi ƙarko, amma muryar ba ɗaya ba ce.

To idan mutumin da ya iya mai maɓallai ya zo ya zauna yana fama da ta kara, ni dai na ce koyo ya zo yi. Ba a koya wa makiyayi sarewa.

Malam_Tsoho82:
Yaro Ɗan_Samaru, ka sa na ji kunya da safiyar nan. Ni ina jami'ar a daidai waɗannan shekarun, fannin kimiyya nake. Mun san da cibiyar, muna jin ana cewa can ne wurin masu raye-raye da kaɗe-kaɗe, mu kuwa muna ganin kanmu manyan gobe, ba mu da lokacin wannan. Sai da na haura hamsin, wani abokin aiki ɗan Ghana ya kunna mini faifansa a mota, ya ce "ai mutuminku ne, a makarantarku ya zauna." Na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. Saboda haka tambayarka ta biyu, kada ka nemi mai laifi da nisa. Ga ɗaya nan yana rubutu.

Ɗan_Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba don in tona asiri na tambaya ba.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Ni abin da ke ɗaure mini kai, mutum ya musulunta, ya yi karatu mai zurfi, amma ya ƙare rayuwarsa a bushe-bushe. Kuma mu muna nan muna yabonsa. Hukuncin kayan kiɗa ai ba ɓoyayye ba ne.

Hajiya_Mai_Alli:
Malam Ustaz, Allah ya gafarta malam, magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, kuma ba mu ne za mu rufe ta a wannan zaure ba. Amma ga wani abu da ya kamata a saka a ma'auni. Wajen 1980 mutumin nan ya daina wasa a gidajen rawa inda ake sayar da giya. Ka san kuwa a Amurka ta lokacin, abincin mai jaz yana waɗannan wurare ne. Kamar direba ne ya ce ya bar hawa kwalta. Ko ba ka yarda da sana'arsa ba, wannan ba aikin wanda bai damu da addininsa ba ne. Sannan kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, ba a kan kiɗa ya rubuta shi ba, a kan kwatanta tsarin ilimin Yamma da na Musulunci ne.

Gwanin_Gardama:
Tunda an taɓo addini a faɗi duka. Ta hannun Ahmadiyya ya shiga, kuma a cikinsu ya zauna har ya rasu. Da yawa daga masu jaz na wancan zamani ta nan suka bi.

Mai_Unguwa:
Gwani, abin da ka faɗa tarihi ne, an ji. Amma a nan za a tsaya. Duk wanda ya mayar da zaren nan filin wa'azin aƙida zan goge rubutunsa, ko wane ne. Dokar gida ba ta sake ba. A koma kan sarewa.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Na ji, shugaba. Hajiya, batun barin gidajen giya ban san da shi ba. Ra'ayina kan kiɗa yana nan inda yake, amma wannan na yaba.

Ɗan_Zoo_Road:
Ni dai bari in shigo ta ƙofar sana'a, don a studiyo nake kwana nake tashi. Sarewar da kuke ji a waƙoƙinmu na yanzu, kusan duk ba sarewa ba ce, fiyano ne. Ka danna maɓalli ta fito, kuma muryar ta Indiya ce ba tamu ba. Akwai lokacin da na ce sai na sa ta gaske. Aka samo mini wani dattijo daga wajen gari, na biya masa kuɗin mota, ya zo da abarsa a cikin hannun riga. Yana fara busa sai da tsikar jikina ta tashi. Amma da na ɗora a kan kiɗan da na riga na haɗa, sai suka ƙi zama. Sautinsa yana faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, ba fari ba baƙi. Yaron da ke taya ni ya ce mu sa kwamfuta ta gyara. Muka gyara, ta zauna daram, amma kuma ta tashi daga ta dattijon ta koma irin ta fiyano. Kuɗina da wunina duka suka tafi a banza. A ƙarshe mai waƙar ya ce a cire, wai tana sa waƙar ta yi ƙauyanci.

Bahaushe_a_Michigan:
Ɗan_Zoo_Road, abin da ya ba ka ciwon kai shi ne abin da Lateef ya yi rayuwarsa yana bi. Fiyano ya raba sauti gida 12 ne, ya ce ba wani sai su. Shi kuwa tun shekarun 1950 yake tara kayan busa da ba su san wannan doka ba: argul na Masar, shehnai na Indiya, ƙahon rago na Yahudawa, sarewar gora. A faifansa Eastern Sounds na 1961, wanda ya fi kowanne shahara, waƙar farko da wata ƴar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya busa ta, mai siffar ƙwai, sautukanta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, amma ya gina waƙa sukutum a kansu. Barry Harris na kan fiyano, shi ya bi sarewar, ba ita ta bi shi ba. Ka ga bambancin da naka? Kai ka gina ɗaki sannan ka nemi baƙo ya rage tsawo. Har kwalbar lemo da balan-balan ya taɓa sa wa a faifai a 1957.

Kuma a 1981, shekarar da ya taho Najeriya, ya fitar da wani ƙaton littafi da ya tara matakalar sauti iri-iri daga sassan duniya. Har yau masu busa suna atisaye da shi.

Ɗan_Zoo_Road:
Yaya, ka faɗi gaskiya, ta yi zafi amma na haɗiye. Da na fara ɗaukar dattijon shi kaɗai sannan na bi shi da kalangu, da wata maganar ake ba wannan ba. Sai dai mai biyan kuɗi shi ke da waƙa, wannan kuma ko a Amurka na san haka ne.

Ƴar_Maraɗi:
Na je na saurari faifan Eastern Sounds da aka ambata. Akwai inda yake busa wani abu mai murya siririya kamar algaita. Ita ce shehnai ɗin?

Bahaushe_a_Michigan:
Obo ce wannan. Kunnenki bai yi ƙarya ba, dangin algaita ce, duka biyun da ƴar bakin nan mai harshe biyu ake busa su, shehnai ma ƴar gidan ce. A wurin Turawa obo kayan manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyarsu ce, mai ladabi. Shi ya ɗauko ta ya sa ta kukan bulus, wato kiɗan baƙaƙen Amurka mai jan murya da nuna damuwa.

Gwanin_Gardama:
Ato. Kun ga abin da nake faɗa kullum. Bulus ɗin nan da jaz duk namu ne, bayi suka tafi da shi. Ba koyo ya zo yi ba, ba koyarwa ba, gida ya dawo ganin dangi. Ku saurari Ali Farka Touré na Mali ku gaya mini ina bambancin.

Malam_Tsoho82:
Gwani, ka rage gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya daɗe yana nuna cewa salon bulus ya fi kama da kiɗan yankinmu na savana, mai goge da garaya da jan murya, fiye da na bakin teku mai tarin ganguna. Amma daga "akwai dangantaka" zuwa "duk namu ne" tafiya ce mai nisa. Jaz a New Orleans aka haife shi a farkon ƙarni na 20, cikin wahalar da su suka sha ba mu ba, da kayan busar sojan Turawa, da waƙoƙin coci. In ɗan'uwanka ya yi ƙaura ya gina gida da guminsa, ba ka zuwa ka ce naka ne don kakanku ɗaya.

Gwanin_Gardama:
Baba, na karɓi rabi. Rabin kuma ina nan a kan bakana.

Kande_Fagge:
Ku dakata, ni dariya ce ta kama ni. Na yi zaman Legas shekara shida, a can in aka ce wane ya yi "jazz" to asiri ake nufi, an je wurin boka. Da na ga kan zaren nan na ɗauka labarin wani hatsabibi ne.

Hajiya_Mai_Alli:
Kande, da ya ji ki da ya ce kin taya shi yaƙi, don shi ma ƙin kalmar yake. Ya ce in ka buɗa ƙamus, ma'anonin da aka jingina mata na raini ne da batsa da shirme, ba za a kira aikin da mutum ya ba wa rayuwarsa da irin wannan suna ba. Sai ya ƙirƙiro tasa: autophysiopsychic. Wato kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Da wannan suna yake koyar da darasinsa.

Kande_Fagge:
Hajiya, wannan kalma ai sai an yi karin kumallo kafin a furta ta.

Gwanin_Gardama:
To ga inda zan kama shi. A 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar Gwanin Jaz, mafi girma da suke ba masu wannan kiɗa, kuma ya karɓa. Ba ka cin naman kura amma kana shan romonta?

Bahaushe_a_Michigan:
Gwani, akwai wadda ta fi wannan ban dariya. Grammy ɗin da ya ci a 1988, wato babbar lambar yabon makaɗa ta Amurka, da faifan Little Symphony wanda shi kaɗai ya kaɗa ya busa komai a ciki, ba a rukunin jaz aka ba shi ba. A rukunin New Age ne, irin kiɗan nan mai sanyi da ake sa wa a wurin tausa. Mutumin da ya yi aiki da Charles Mingus a 1960, ya yi shekara biyu a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964! Sun rasa kwandon da za su saka shi. Ni ban ga laifinsa ba don ya karɓi lambar 2010. Yana da shekara 89, sa'o'insa kusan duk sun tafi, aikin aka girmama. Sunan da suka liƙa wa lambar matsalarsu ce.

Malama_Zulai:
Ni ɓangaren malantar ne ya fi taɓa ni, kuma na ga an wuce shi da sauri. Ku lissafa. An haife shi 1920. Digirin farko a Makarantar Kiɗa ta Manhattan, 1969. Na biyu, 1970. Na uku, 1975. Wato yana dab da hamsin ya karɓi digirin farko, alhali ya riga ya fitar da faifai da dama, ya zaga Turai da Japan. Yana zaune a aji da yaran da wataƙila suna da faifansa a ɗaki. Gemu ba ya hana ilimi, amma a faɗa da baki ya fi a yi sauƙi. Daga nan ya koyar a wata kwalejin al'umma a Manhattan, bayan ya bar Najeriya kuma ya koyar a Jami'ar Massachusetts da Kwalejin Hampshire.

Ni kiɗa na karanta a wata kwalejin ilimi, ba zan kama suna ba. Shekara uku, sarewar Turawa guda biyu ce a sashen, suna kulle a kabad, makullin na hannun wani da ba ya zuwa sai ranar albashi. A allo muka koyi inda ake ɗora yatsa. Mun haddace shekarar haihuwar Bach da Mozart, amma ba a taɓa kawo mana mai algaita ko mai sarewa aji ba, ga su nan a bayan katanga. Ranar da na ce a gayyato ɗaya, aka ce mini ba shi da takarda, da wane matsayi za a biya shi? Yanzu ina koyarwa a firamare, da usur ɗin roba nake lallaɓawa.

Ɗan_Ruga:
Malama, in makarantarku ba ta yi nisa ba zan yanko miki kara in huda wa yaran. Ba sai an biya ni da matsayi ba.

Malama_Zulai:
Na gode ƙwarai, ɗan'uwa. Zan yi maka magana ta gefe.

Malam_Tsoho82:
Abin da Malama ta faɗa shi ne gindin maganar. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Kana son waƙar, kana yi wa mai ita kyauta, amma in ya zo neman ƴarka sai ka fara tari. To Bahaushen 1982 ya ga dattijo mai digiri uku, Musulmi mai kamun kai, yana bin makiyaya da makaɗan fada da littafin rubutu, a wane gurbi zai ajiye shi? Malami ne ko maroƙi? Ba mu da gurbin, sai muka kau da kai. Ko Mamman Shata, da duk ƙasar Hausa ta san shi, sai 1988 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, kuma na tuna har a lokacin akwai masu gunaguni.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Baba, a nan kam ba duka laifin raini ba ne. Wasu sun kau da kai ne don abin da suka fahimta na addini, ba don girman kai ba. A yi musu adalci.

Malam_Tsoho82:
Na yarda, Malam. Ni dai nawa girman kai ne, na san kaina.

Gwanin_Gardama:
Ni kuma bari in ɓata muku shagalin. Kullum haka ake yi mana. Baƙo ya zo, ya zauna da masu abin, ya kwashi ilimi, ya koma ya zama farfesa, mai sarewa kuma yana nan da sandarsa da yagaggen takalmi. Fari ne ko baƙi, duk ɗaya. Me Zariya ta samu?

Hajiya_Mai_Alli:
Gwani, wannan ƙorafi yana da tushe a wurare da yawa, amma a nan ka duba kafin ka yi jifa. Jami'ar ce ta ɗauke shi aiki a matsayin babban mai bincike, ba da jakar yawon buɗe ido ya zo ba. Faifan Hikima da ya jawo zancen nan, da makaɗan cibiyar aka yi shi, a nan gida aka fara fitar da shi. Ɗayan, In Nigeria, a Legas aka ɗauka a 1983 da makaɗan ƙasar nan, ya fito a Amurka a 1985. Sannan shi da Ziky Kofoworola, malami a jami'ar, sun rubuta littafi kan wasanni da kiɗan Hausa, aka buga a Legas a 1987. Wato abin da ya tara ya bar kwafinsa a gida. In mu ba mu buɗe ba, wannan kuma wani zance ne.

Gwanin_Gardama:
Da Turanci aka rubuta ko? To kawun Ɗan_Ruga zai karanta?

Hajiya_Mai_Alli:
Wannan kam ka ci ni. Sai dai fassara ba aikin mamaci ba ne.

Ƴar_Maraɗi:
Allah ya sa ba katsalandan na yi ba. Mu nan wajenmu Fulani da Buzaye duk suna busa, kuma na taɓa ganin ƴan Gine suna busa tasu ta gefe, suna waƙa a cikinta lokaci guda, murya biyu na fita. A faifan mutumin nan ma na ji kamar yana gunji a cikin sarewar. A Zariya ya samo wannan?

Bahaushe_a_Michigan:
Ta Fulanin Futa Jalon kike nufi, tambin, mai rami uku. A'a, shi ya riga ya fara sa murya cikin busa tun shekaru da dama kafin ya taka ƙasar Najeriya, Roland Kirk ma ya yi suna da wannan. Abin da za ki ji ya sauya bayan Zariya shi ne tsarin aikin gaba ɗaya. Ya rage bin tsohuwar hanyar jaz ta a faɗi kan waƙa, kowa ya yi nasa, a dawo a rufe. Ya koma dogayen ayyuka. A 1992 ya kafa kamfanin faifansa, YAL, don kada wani ya gaya masa abin da zai sayu. A 1993 gidan rediyon WDR na birnin Kolon a Jamus ya sa shi ya rubuta babban aiki na ƙungiyar makaɗa kan tarihin baƙaƙen Amurka tun daga bauta. Ya daɗe kuma yana aiki da wani makaɗin ganguna, Adam Rudolph, kusan har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013 a Shutesbury, jihar Massachusetts, yana da shekara 93.

Amma gaskiya ni na fi son na farkon. Na bayan nan wasu sai ka zauna ka natsu kamar mai jarrabawa.

Ɗan_Zoo_Road:
Kamfanin kansa yana da shekara 72? Mu nan muna talatin muna kukan ƴan kasuwa sun cinye mu.

Ɗan_Samaru:
Jama'a na gode, na samu fiye da abin da na roƙa, ko da yake har yanzu kan ku bai haɗu ba. Ɗan_Ruga ya ce koyo, Gwani ya ce ziyarar dangi, Hajiya ta nuna ma'aikaci ne da ya bar aiki a ƙasa. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim in nemi littafin nan na 1987. In na samu zan ɗauki hoton shafukan da suka yi magana kan sarewa in saka a nan.

Ɗan_Ruga:
In ka samu ka duba mini ko rami huɗu suka rubuta. Akwai wani ɗan Adamawa da muka taɓa yin musu da shi a kasuwar shanu, ya rantse tasu biyar ce.

Kande_Fagge:
Ka tafi da ƙyallen rufe hanci. Littafin da ya shekara talatin da wani abu ba a taɓa ba, ƙurarsa kaɗai ta isa ta kwantar da kai.

Malam_Tsoho82:
Yaro, in ka shiga ka gaya mini ko har yanzu kujerun nan na sama kusa da taga suna nan. Kuma wani ya turo mini faifan Hikima ta WhatsApp, ni ban iya lalube a YouTube ɗin nan ba.